Azawak: Karen makiyayan Agadez da ba ya jure zaman sarƙa

A watan Janairun 2019 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka, American Kennel Club, ta shigar da wani kare cikin jerin jinsunan da ta amince da su a hukumance. Sunansa Azawak. Dogo ne siriri, mai dogayen ƙafafu, wanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Kafafen yaɗa labaran ƙasar sun yi ta nuna hotunansa a matsayin sabon abu.

A yammacin jihar Agadez kuwa babu wanda zai kira shi sabo. Shi ne karen da ke kwance a inuwar tanti a zangon Abzinawa, shi ne mai tarar baƙo da haushi tun kafin ya sauka daga raƙumi, shi ne kuma mai kwana a farke saboda dila.

Yanzu wannan kare da ire-irensa na aikin kiwo suna shigowa gidajen birni. Matashi a Agadez ko Yamai zai karɓi ɗan kwikwiyo daga hannun ɗan'uwansa na daji, ko ya tsince shi a bakin hanya. Wanda ke zaune a Faransa ko Ingila zai je gidan kula da dabbobin da aka yasar ya ɗauko nasa. Dukkansu abu ɗaya ke jiran su bayan 'yan watanni: karen da aka yi shi domin aiki zai nemi aiki, in bai samu ba kuma zai ƙirƙiro wa kansa, sau da yawa wanda ba zai yi wa mai gida daɗi ba.

Kwarin da ya ba shi suna

Azawak wani faffaɗan kwari ne busasshe, tsohon gadon kogi da ya taso daga duwatsun Abzin da na arewacin Mali, ya gangara kudu ta Dallol Bosso har zuwa kogin Neja. A cikinsa da gefensa ake samun Ingal da Abalak da Cintabaraden a Nijar, da Menaka a Mali. Wannan kwari ne ya ba jajayen shanun Azawak sunansu, waɗanda tashar binciken dabbobi ta Tukunus da ke kusa da Filinge ta shafe shekaru tana aikin inganta su. Shi ne kuma ya ba karen suna a bakin Turawa.

Abzinawa na kiran kare da idi, siririn nan mai gudu kuma oska. Ba su kaɗai ke riƙe da shi ba, Fulani da Bugaje da Hausawan yankin duk suna kiwonsa.

Aikinsa a zango uku ne: gadin mutane da kaya, kare dabbobi daga dila da kura, sai farautar zomo da barewa. Karnukan zango a ƙungiya suke aiki. Da zarar ɗaya ya yi haushi, sauran za su taso su nufi wurin. A guje kuwa yana iya kai kusan kilomita 60 a awa guda.

Tsayin namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa yana tsakanin santimita 64 da 74, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Mace ta ɗan fi gajarta, nauyinta kilo 15 zuwa 20. Fatarsa sirara ce, gashinsa gajere, ba shi da kitse. Wanda bai san shi ba zai ɗauka yunwa ce ta rame shi, alhali halittarsa ce haka.

Abincinsa a daji shi ne abin da ya rage na iyali: kunu ko tuwon gero, madara da nono, nama kuma sai an yi yanka ko an yi sa'ar farauta. Saboda ƙarancin abinci, makiyaya ba su cika raina duka 'yan kwikwiyon da karya ta haifa ba, sukan zaɓi ɗaya ko biyu. Ɗaruruwan shekaru na irin wannan zaɓi da wahalar daji su suka fitar da kare mai juriyar zafi da ƙishirwa, mai tsananin shaƙuwa da mutanen gidansu, mai ɗari-ɗari da baƙo.

Yadda ya tsallaka teku

A farkon shekarun 1970 ne karnukan farko suka isa Turai. Wani jami'in diflomasiyyar Yugoslabiya mai suna Dokta Pecar, wanda ya yi aiki a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, ya koma gida da su, kuma na farkonsu kyauta aka ba shi. A daidai lokacin sojoji da ma'aikatan Faransa da suka yi aiki a Sahel su ma sun riƙa komawa da nasu.

A farkon shekarun 1980 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a Beljiyam, ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa. Ta ba shi lamba 307, ta sa shi a rukunin karnukan da ke farauta da ido da gudu, ta kuma rubuta cewa asalinsa iyakar Mali da Nijar ne, amma Faransa ce ke riƙe da alhakin tsara ƙa'idar siffarsa. Ya isa Amurka a tsakiyar shekarun 1980, aka haifi 'yan kwikwiyon farko a can a 1987.

Har yau karnukan da ke Turai da Amurka ba su da yawa, kuma akasarinsu daga 'yan tsirarun iyaye suka fito. Wannan ne ya sa masu kiwonsa a can suka riƙa komawa Sahel neman sabon jini. Ke nan tushen yana hannun makiyayin Ingal, ko da yake takardun suna hannun wasu.

Daga zango zuwa tsakar gida

Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya karkashe dabbobin makiyaya masu yawa, ya tilasta wa iyalai da dama komawa gefen garuruwa. Agadez, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da 100,000, ta ci gaba da faɗaɗa. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, lunguna ne matsattsu kewaye da hasumiyar babban masallaci mai tsayin mita 27. Sabbin unguwanni kuma gidaje ne masu katanga da ƙofar ƙarfe. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi kama da filin da karen ya saba.

A nan gida ɗan kwikwiyo hannu da hannu ake samunsa. Wani daga dangi na ƙauye, wani a lokacin bikin makiyaya na Cure Salée da ake yi a Ingal a watan Satumba, wani kuma yara ne ke tsinto shi a bayan mahauta ko a bola, uwarsa ta mutu ko ta ɓace. Mai tausayi ya karɓa ya ba shi madara, ya ceci rai.

Watannin farko babu matsala. Ɗan abu ne mai ban sha'awa, yana barci, yana wasa, ana ɗaukarsa hoto ana sawa a TikTok da WhatsApp. Daga wata shida zuwa goma labari ke sauyawa. Ƙafafu sun miƙe, ƙarfi ya zo. Zai fara haƙa rami a gindin katanga, ya yayyaga takalma da tabarma, ya kashe kazar gida, ya tsallake ya bi tumakin maƙwabta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A wannan gaɓa mutane da yawa kan zaɓi ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai a ɗaure shi da sarƙa dare da rana, ko a buɗe masa ƙofa a manta da shi. Karen da ya daɗe a sarƙa yakan ƙara zama mai tsoro da saurin cizo, domin ba shi da hanyar kauce wa abin da ya razana shi. Wanda aka sake kuma yana shiga cikin karnukan titi, ba allura, ba mai shi, yana hayayyafa. Ceton da aka yi da kyakkyawar niyya sai ya koma matsalar unguwa.

Mai gadi daban, mai kora daban

Ba duk karen makiyaya ne ke aiki iri ɗaya ba, kuma sanin bambancin yana da amfani ga duk mai shirin ɗauka.

Akwai mai gadi, kamar Azawak. Shi ba ya tattara garke, tsare shi yake yi. Yana iya wuni kwance yana kallo, sannan ya tashi da gudun da babu mai kamo shi. Yana yanke wa kansa hukunci, ba ya jiran umarni, kuma duk abin da ya gudu a gabansa abin farauta ne.

Akwai kuma mai kora, wanda aka horar da kakanninsa su tattara tumaki su juya su bisa umarnin makiyayi. Border Collie na iyakar Ingila da Sikotland shi ne ya fi shahara. An yi gasar karnukan kora tumaki a garin Bala na yankin Wales a 1873, kuma akasarin Border Collie na yau suna komawa ne ga wani kare mai suna Old Hemp da aka haifa a 1893. Wata karya ta wannan jinsi mai suna Chaser, wadda Farfesa John Pilley ya horar a Amurka, ta haddace sunayen abubuwa 1,022. Ƙwaƙwalwa irin wannan idan aka bar ta babu abin yi, sai ta koma kora yara da kekuna da motoci, tana cizon dugadugai kamar yadda take yi wa tumaki.

Cikin masu kora har da Malinois na Beljiyam da karen Jamus da aka fi sani da Alsatian, waɗanda sojoji da 'yan sanda suka mayar abokan aiki. Wani Malinois mai suna Cairo yana cikin tawagar sojojin Amurka da ta kashe Usama bin Laden a 2011. Irin waɗannan labarai da finafinai sun sa matasa a Kano da Abuja da Yamai da Faris suna sha'awarsu. Abin da fim ba ya nunawa shi ne cewa karen soja yana da mutumin da aikinsa na yau da kullum shi ne horar da shi.

Abin da ke jiran mai ɗauka a Turai

Ga 'yan Nijar da Najeriya mazauna Turai, hanya mafi sauƙi ta samun kare ita ce gidajen kula da dabbobin da aka yasar. A Faransa akwai SPA da aka kafa a 1845, a Landan akwai Battersea tun 1860, a Jamus kuma kusan kowane babban gari yana da nasa. Karnukan kiwo masu ƙarfi suna da yawa a irin waɗannan gidaje, kuma labarinsu kusan ɗaya ne: an saye su suna ƙanana, sun girma sun gagari mai su. A Faransa, Malinois na cikin waɗanda aka fi gani a gidajen, yayin da wani karen kora, Berger australien, ya shafe shekaru a jere tun daga 2018 yana kan gaba a jerin jinsunan da aka fi yi wa rajista a ƙasar.

Ba a shiga a ɗauka a fita. Za a tambayi mutum irin gidan da yake zaune, ko mai gidan haya ya yarda, awa nawa yake yi a wurin aiki, ko akwai yara. Wasu gidajen sukan zo su duba muhallin da idonsu. Ana biyan kuɗi, karen kuma yakan zo da allurarsa da 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa da ake dasawa a ƙarƙashin fata.

Doka ma tana da nata. A Faransa, bisa dokar 30 ga Nuwamban 2021, duk mai son ɗaukar kare sai ya sa hannu a takardar da ke nuna ya fahimci nauyin da ke kansa, kwana bakwai kafin a miƙa masa. Daga 1 ga Janairun 2024 an hana shagunan dabbobi sayar da karnuka da kyanwoyi. Yasar da dabba kuwa laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har shekara uku, da tarar Yuro 45,000. A Birtaniya dasa na'urar shaida wajibi ne tun 2016, a Jamus kuma ƙananan hukumomi na karɓar harajin kare duk shekara.

Ƙungiyoyin kula da dabbobi na Birtaniya suna ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Ga mai aikin sito ko tuƙin mota da ke fita da asuba ya dawo da dare, yana kwana a ɗaki ɗaya a bene na biyar, wannan kaɗai ya isa ya sa ya sake tunani.

Makonnin da ke tsara halinsa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana halayyar karnuka sun nuna cewa tsakanin mako uku da kusan mako 14 na rayuwa ne ɗan kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka a matsayin na gida da abin da zai ji tsoro. Abin da bai gani ba a wannan lokaci, zai iya kallonsa a matsayin barazana har ƙarshen rayuwarsa.

Shi ya sa ba a so a raba shi da uwarsa kafin mako takwas, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Wanda aka tsinta ba uwa ya rasa wannan darasi, sai mai shi ya cike gurbin da haƙuri.

Ga Azawak, mai ƙyamar baƙo tun asali, wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci. Ya kamata ya saba da yara da tsofaffi, da mai rawani da mai hijabi, da ƙarar babur, da awaki da kaji, duk a natse kuma a gaban mai shi. Makiyaya sun daɗe da sanin haka, domin ɗan kwikwiyon da ya tashi cikin 'yan awaki ba ya cin su.

Duka ba ya gyara shi. Kare ne mai saurin riƙe abu a rai, kuma wanda aka saba dukansa ko dai ya zama matsoraci ko ya rama wata rana. Horo na 'yan mintuna sau biyu ko uku a rana, da ɗan abinci a hannu a matsayin lada, ya fi saurin koya masa zuwa in an kira shi, da zama, da sakin abin da ya ɗauka.

Ta fuskar lafiya, allurar farko ta cututtukan 'yan kwikwiyo, irin su parvo mai sa amai da gudawar jini, ana fara ta ne daga mako shida zuwa takwas, a maimaita bisa tsarin likitan dabbobi. Ana ba shi maganin tsutsar ciki, a riƙa duba kaska a kunne da tsakanin yatsu. Albasa da tafarnuwa da cakulan da inabi guba ne gare shi, haka goro da ganyen shayin da aka zubar bayan an gama dafawa. Ɗanyen kayan ciki na dabbar da aka yanka, musamman lokacin layya, bai kamata a jefa masa ba, domin ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke komawa ga mutum ya haifar da ƙullutun ruwa a hanta ko huhu.

Gudu, da kuma abin yi

Babban kare na wannan jinsi yana buƙatar fita kullum, tafiya mai tsawo da kuma damar sakin ƙafa ya yi gudu a fili. A Agadez, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, lokacin fita shi ne bayan sallar asuba ko dab da magariba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma yashi ko kwalta da rana ta gasa na ƙona masa tafin ƙafa. Inuwa da ruwa a tsakar gida ba abin sakaci ba ne.

Ɗan kwikwiyo kuwa ba a tilasta masa dogon gudu. Ƙasusuwansa ba sa gama ƙwari sai ya haura shekara, don haka ɗaura masa igiya a ja shi a bayan babur na iya lalata masa gaɓoɓi.

Sakin sa a bayan gari ma yana da nasa sharaɗi. Karen da ke farauta da ido idan ya hango abu yana gudu ba ya jin kira. Zai iya faɗa wa garken wani, ya jawo rigima da biyan diyya. A daji kuma namun da kakanninsa suka saba kora sun yi ƙaranci. Gandun Abzin da Tenere, wanda UNESCO ta amince da shi a 1991, yana cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari tun 1992, kuma wasu nau'o'in barewar yankin suna dab da ƙarewa.

Sanyi shi ne rauninsa. A daren hunturu yana buƙatar wurin kwana mai kariya daga iska, a Turai kuwa har riga ake sa masa.

Gajiyar jiki kaɗai ba ta isar masu kora irin su Border Collie da Malinois. Sai an ba ƙwaƙwalwarsu aiki: neman abin da aka ɓoye, ɗauko abu a kawo, koyon sabon umarni.

Haukan kare ba wasa ba ne

Babban haɗarin da ke tattare da ɗan kwikwiyon da ba a san asalinsa ba shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ita, kuma cizonsa ko yakushinsa ne aka fi rainawa. Alamun cutar a jikin mutum sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar sun bayyana, kusan babu mai tsira.

Rigakafi ya fi magani. Ana yi wa kare allurar daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabunta ta, kuma ofishin ma'aikatar kiwo ko likitan dabbobi mai zaman kansa ne wurin tambaya. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar cutar na tsayawa. Wannan ne ginshiƙin shirin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare nan da 2030, wanda ake tunatarwa a kai duk ranar 28 ga Satumba.

Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar domin fara allura, kada a tsaya ga maganin gida. Karen kuma a killace shi a sa masa ido na kwana goma.

Addini da zaman unguwa

A garuruwan Musulmi tambayar farko da iyaye za su yi wa matashi ita ce, me za ka yi da shi? Tambaya ce mai tushe. Hadisai ingantattu sun halatta ajiye kare domin kiwo da farauta da tsaron gona, sun kuma yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi ba don wata buƙata ba. Malamai da dama sun haɗa gadin gida da waɗannan idan akwai bukatarsa, kuma masu sharhin littafin Risala sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a yankin, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai.

Addinin da ya gindaya sharaɗin ajiyewa shi ne kuma ya hana azabtarwa. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne, haka na matar da aka hukunta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha.

Sai haƙƙin maƙwabta. Haushin dare, tsoratar da yara masu zuwa makarantar allo, ƙazanta a ƙofar gidan wani, duk abubuwa ne da ke ɓata zumunci. Doguwar katanga, igiya a kan titi, da wurin kwanansa daban da wurin sallah da na girki suna rage yawancin rigimar. Yi wa namiji fiɗiya ko yi wa mace aikin hana haihuwa kuma yana hana a wayi gari da 'yan kwikwiyo bakwai da babu mai so.

Mai son tafiya da shi waje

Wasu mazauna waje kan yi sha'awar ɗaukar karen gida su tafi da shi. Nijar da Najeriya suna cikin ƙasashen da ake ɗauka masu haɗarin haukan kare, don haka sharuɗɗan suna da tsauri. Tarayyar Turai na buƙatar na'urar shaida, da allura bayan ya kai mako 12, da gwajin jini aƙalla kwana 30 bayan allurar a ɗakin gwajin da ta amince da shi, sannan a jira wata uku. Idan aka haɗa lissafi, kare ba zai shiga ba sai ya kai kusan wata bakwai. Amurka kuma tun daga 1 ga Agustan 2024 ba ta karɓar kare ɗan ƙasa da wata shida, kuma tana da ƙarin sharuɗɗa ga wanda ya fito daga irin waɗannan ƙasashe.

Ma'ana, lokacin sabo da sabon wuri ya riga ya wuce kafin ya sauka daga jirgi. Karen da ya tashi a fili zai tarar da lif da jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara a lokacin da ya fi wuyar sabawa.

Kafin a miƙa hannu

Azawak na rayuwa shekara 12 zuwa 15. Saurayi ɗan shekara 22 da ya karɓi ɗan kwikwiyo yau zai iya kasancewa tare da shi har ya yi aure ya kai 'ya'yansa makaranta. A garin da matasa ke yawan tafiya Arlit ko Libiya ko Aljeriya ko wuraren haƙar zinare neman kuɗi, dole a san wanda zai riƙe shi idan tafiya ta kama.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda yake da fili, da awa ɗaya ko biyu a kullum, da kuɗin allura da abinci, da yardar mutanen gida, zai samu mai gadi da ba ya cin amana. Wanda ba shi da su, amma tausayi ya sa ya tsinci ɗan kwikwiyo, yana da hanyar da ta fi sarƙa da titi: ya yi masa allura, ya raine shi ya yi ƙwari, sannan ya nema masa makiyayi ko mai lambu a bayan gari da ke buƙatar kare, tun bai wuce lokacin sabawa da dabbobi ba.